Masu Hidimar Ƙwaƙwalwa da Ciwon Damuwa

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, waɗanda ke aika saƙonni a tsakaninsu. Amma da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, akwai wasu ƙwayoyin masu yi musu hidima, waɗanda yawansu ya yi kusan daidai da nasu. Sunansu giliya, watau "danƙo" da harshen Girka. Wani likita Bajamushe, Rudolf Virchow, shi ya raɗa musu wannan suna a 1856, don ya zaci aikinsu kawai su riƙe jijiyoyi wuri guda.

Ashe aikinsu ya wuce haka. Wasu daga cikinsu, masu siffar tauraro, suna ciyar da jijiyoyi, suna kuma kwashe rarar sinadarin gulutamet bayan an isar da saƙo, domin idan ya taru yakan yi wa jijiya lahani. Wasu suna naɗe zaren jijiya da rufi mai maiƙo don saƙo ya yi sauri. Ƙananan cikinsu kuwa su ne dakarun da ke yaƙar cuta.

A 1998, Öngür da Drevets da Price na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka sun bincika ƙwaƙwalen mamata waɗanda suka yi fama da ciwon damuwa. Sun tarar da raguwar giliya a wani sashe na gaban ƙwaƙwalwa mai alaƙa da halin zuciya, musamman ga waɗanda ciwon ke bin danginsu, alhali yawan jijiyoyin bai ragu ba. A 1999 Grazyna Rajkowska ta Jami'ar Mississippi ta sami makamanciyar wannan raguwa.

To, raguwar ce ke haddasa ciwon, ko ciwon ne ke haddasa ta? A 2008 Banasr da Duman na Jami'ar Yale suka lalata ƙwayoyin masu siffar tauraro a gaban ƙwaƙwalwar ɓeraye. Sai ɓerayen suka rage sha'awar ruwan sukari, alamar gushewar jin daɗi. Wannan ya nuna rashin giliya kaɗai ya isa ya jawo irin waɗannan alamomi, aƙalla ga ɓera.

Saboda haka ciwon damuwa ba ragwanci ba ne. Cuta ce mai tushe a jiki, kuma ana yin maganinta. Malamin da ya ga ɗalibinsa ya daina walwala, barci da cin abinci sun rikice masa har mako 2 ko fiye, ya kamata ya taimaka a kai shi asibiti.