Kan dutsen da Holan ta yi alkawarin mayar wa Masar

A watan Nuwamban 2025, ana cikin hidimar buɗe sabon gidan tarihin Masar da ke Giza, Firaministan Holan na lokacin, Dick Schoof, ya yi alkawarin mayar da wani kan mutum-mutumi mai shekara kusan 3,500 da aka sace daga Masar, wanda ya ɓulla a kasuwar kayan tarihi ta Maastricht a 2022. Nan da nan wasu suka ɗauka gunkin Fir'auna ne. Ko kusa. Siffar wani babban bafade ce na zamanin Fir'auna Thutmose na Uku.

Misirawan da sun yi imani cewa kurwar mamaci tana buƙatar masauki da abinci, shi ya sa ake sassaƙa siffarsa. Amma dutsen ba ya zama na kowa sai an rubuta suna da muƙamai a gindinsa ko bayansa, tare da roƙon gurasa da giya da shanu da tsuntsaye. Ɓarawon da ya fasa kai ya bar gangar jiki ya raba mutumin da sunansa ke nan, shi ya sa labarai ba su iya cewa komai sai "wani jami'i".

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kowa Fir'auna Tutankhamun yake ambato, alhali labarin da ya fi nama yana kaburburan ma'aikata. Dubi Harkhuf, hakimin kudancin Masar fiye da shekara 4,000 da suka wuce. A bakin kabarinsa da ke Aswan ya sa an rubuta tafiye-tafiyensa huɗu zuwa kudu, har ƙasar Yam. A ɗayansu ya dawo da jakuna 300 ɗauke da turare, baƙin katako, fatun damisa da hauren giwa. Fatauci tsantsa! Har wasiƙar Sarki Pepi na Biyu ya kwafe. Sarkin, yana yaro a lokacin, ya ji an taho masa da wada mai rawa, ya umarci a tsare shi kada ya faɗa ruwa, a riƙa leƙa shi sau goma cikin dare.

Wannan na cikin tsofaffin bayanan cinikin cikin Afirka da aka rubuta, amma ɗalibai nawa suka taɓa jin sa? Malaman tarihi, ku sa Harkhuf a darasi, dala da zinariya sun isa haka.