Halittar da haske ke yanka wa siffa, da sakacinmu a Tafkin Chadi

Tallar wani koren gari da ake kira sifirulina ta cika Facebook da TikTok a 'yan kwanakin nan. Masu sayarwa na cewa ganye ne daga ƙasar waje, wasu su ce gansakuka ce ta musamman, maganin komai tun daga rama har ciwon suga. Ba ganye ba ne, a wurin masana ma ba tsiro ba ne. Bakteriya ce. Kalmar na sa mutane ɗaure fuska don a asibiti muka saba jin ta, amma wannan dangi da ake kira sayanobakteriya da hasken rana yake haɗa abincinsa, kuma shi ya fara cika sararin duniya da iskar oksijin fiye da shekara biliyan 2 da suka wuce. Ɗan sakandare ma ya san wannan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, haske ba ciyar da su kaɗai yake yi ba, har siffar jiki yake yanka musu.

Wadda aka fi nazari a kanta ita ce Fremyella diplosiphon, mai zama cikin ruwan daɗi, ƙwayoyinta a jere cikin zare. A raine ta ƙarƙashin jar fitila, sai ta yi shuɗi-shuɗi, ƙwayoyin su dunƙule kamar gero, zaren ya gajarce. A sauya mata koren haske, cikin 'yan kwanaki sai ta koma ja-ja, ƙwayoyin su miƙe su yi tsawo, zaren ma haka. Tun wajen 1902 Gaidukov, ɗan Rasha da ke aiki tare da Engelmann a Jamus, ya lura da sauyin launin a wata 'yar uwarta. Sauyin siffar kuwa Bennett da Bogorad ne suka bayyana shi a 1973.

Yaya abin da ba shi da ido yake bambance ja da kore? A 1996 Kehoe da Grossman suka gano wani furotin, RcaE, mai gane launin haske ya aika saƙo cikin ƙwayar. Daga baya Beronda Montgomery da ɗalibanta a Jami'ar Jihar Mishigan suka bi sawun saƙon har inda yake sauka. Akwai furotin MreB da ke sa ƙwaya ta yi tsawo, akwai kuma BolA da ke taka masa birki. A jan haske BolA ke da yawa, sai ƙwaya ta dunƙule. A koren haske yana raguwa, MreB ya sami sarari. Hasashen masanan yana da ma'ana: ruwa na fara shanye jan haske ne tun daga sama, kore ke kai wa ƙasa. Wadda ta ga kore ke nan tana cikin zurfi inda haske ya yi ƙaranci, doguwar siffa kuwa na ba ta fili mai yawa na kama ɗan abin da ya iso.

To, mu dawo ga garin da ake tallata mana a matsayin baƙo. A yankin Kanem na Chadi, arewa maso gabashin tafkin, matan Kanembu sun gaji aikinsa kaka da kakanni. A ƙananan tafkunan kanwa, irin su Kossorom, mace kan shiga ruwa ta kwashi koren da ya taru a sama, ta zuba a ramin da ta gyara cikin rairayi. Rairayi ya tsotse ruwan, rana ta busar da sauran, a yanyanka shi gunduwa-gunduwa a kai kasuwa. Sunansa dihe, kuma miya ake yi da shi a ci da tuwon gero. Busasshensa, kusan kashi 60 cikin 100 furotin ne. A 1940 Bafaranshe Dangeard ya yi rubutu a kansa, ba wanda ya kula. Sai a 1964 da Jean Léonard, masanin tsirrai ɗan Beljiyam, ya ci karo da shi a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, sannan Turai ta farga. Yau manyan gonakinsa suna Kalifoniya da Hawayi da China, sunan matan Kanem kuwa ko a jikin kwalba babu.

Ita ma halittar da ake yin dihe da sifirulina da ita, wadda masana ke kira Arthrospira, haske na taɓa siffarta. Zarenta a murɗe yake, kuma masu bincike a China sun nuna cewa zafin hasken rana na sa murɗin ya matse, ƙwayoyin su yi wa juna inuwa. Wani lokaci kuma zaren kan warware ya miƙe sak, da wuya ya koma yadda yake. Wannan ba zancen ɗakin gwaji kaɗai ba ne. In ya miƙe, ko a ƙarƙashin madubin ƙara girma yana da wuyar bambancewa da wasu 'yan uwansa, alhali cikin dangin akwai masu dafi. A 2020 gwamnatin Botsuwana ta ɗora alhakin mutuwar giwaye 330 a kan dafin sayanobakteriya. Don haka kada wani ya karanta wannan ya tafi kududdufin bayan gari da ƙwarya.

Hukumar Tafkin Chadi, wadda Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa a 1964, tana nan a Injamena. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi tana Maiduguri, jami'o'i kuma sun kewaye yankin. Gwajin farko bai fi ƙarfin ɗalibin digiri na biyu ba: kwalabe, ruwan kanwa, fitilun LED ja da kore, da madubi mai kyau. Me zai hana a auna yadda ranar Kanem ke murɗa zaren dihe a bazara da kuma lokacin hunturu in hazo ya rufe sama? Hukumar NAFDAC kuma ta binciki abin da ke cikin robobin da ake sayar wa masu ciwon suga, ta ja kunnen duk mai cewa su ajiye maganin asibiti.