Ƙofofin Rumbun Manhaja: Wacce Za A Bi?

Kowace manhajar kwamfuta tana da tushe, watau rubutattun umarnin da masu ƙirƙira suka tsara layi bayan layi. Idan mutane da yawa suna aiki a kan manhaja guda, sai su ajiye wannan rubutu a rumbu ɗaya, kowa ya kwafo, ya yi gyara, ya mayar. Mafi shahara cikin tsare-tsaren kula da irin wannan rumbu shi ne Git, wanda Linus Torvalds, haifaffen ƙasar Finlan, ya ƙirƙira a shekarar 2005 domin aikin Linux.

To, ta yaya kwamfutar ɗalibi take magana da kwamfutar da ke riƙe da rumbun? Sai sun bi wata ƙa'idar sadarwa da suka amince da ita, kuma kowace ƙa'ida tana da lambar ƙofarta. Uku ne suka fi fice.

Ta farko ita ce ƙa'idar Git kanta, mai ƙofa ta 9418. Tana da sauri ƙwarai, amma ba ta tambayar mai shiga ko shi wane ne, ba ta kuma lulluɓe saƙo. Saboda haka mugun da ke kan hanya yana iya karanta abin da ake kwafowa, har ya cusa nasa umarnin a ciki ba tare da an ankara ba. Kamfanin GitHub ya daina karɓarta a watan Maris na 2022.

Ta biyu ita ce SSH, mai ƙofa ta 22. Tatu Ylönen ne ya ƙirƙiro ta a 1995, bayan an kai harin satar kalmomin sirri a jami'arsu. Aikinta kamar na kwado da mabuɗi ne. Mutum zai ƙera su biyu a kwamfutarsa, ya aika da kwadon ga mai rumbu, ya ɓoye mabuɗin wurinsa. Duk sa'ad da ya zo shiga, sai kwamfutarsa ta tabbatar ta hanyar lissafi cewa mabuɗin yana hannunta, alhali mabuɗin bai taɓa barin gida ba. Matsalarta ita ce, yawancin makarantu da ofisoshi masu tsananin tsaro sukan toshe ƙofa ta 22.

Ta uku ita ce HTTPS, mai ƙofa ta 443, wadda shafukan intanet suke bi. Tana lulluɓe saƙo, kuma da wuya a sami inda aka toshe ta. Sai dai tun daga watan Agusta na 2021 GitHub ba ya karɓar kalmar sirri ta wannan hanya. Dole a nemi wata doguwar lambar shaida ta musamman, wadda ana iya soke ta idan ta faɗa hannun wani.

Wacce ke nan za a zaɓa? Wanda kwafowa kawai zai yi daga rumbun da ke buɗe ga kowa, HTTPS ta wadatar da shi. Wanda kullum yake mayar da gyara daga kwamfutarsa ta kansa, SSH ta fi masa sauƙi. Amma a ɗakin kwamfuta na makaranta, inda hannu da yawa ke taɓa na'ura ɗaya, kada ɗalibi ya kuskura ya bar mabuɗinsa. Duk wanda ya tsince shi zai shiga rumbun da sunansa, kuma duk ɓarnar da aka yi, shi za a tuhuma.