Jibi da Gata a Bakin Bature

Bahaushe ba ya ɓata baki wajen kiran ranaku. Shekaranjiya, jiya, yau, gobe, jibi, gata, citta: kwana bakwai ke nan a jere, kowanne da sunansa na yanka. Haka ma bara da bana da baɗi. Turanci kuwa daga jiya da yau da gobe ya tsaya. In Bature zai ce jibi sai ya jera kalmomi huɗu, "the day after tomorrow", shekaranjiya kuma "the day before yesterday". Gata da citta ba su da suna ko kaɗan a wurinsa, sai dai lissafi: "in three days' time", "in four days' time".

Ɗalibin sakandare a Mashi, ko Mani, ko Dutsi, yakan haddace kalmomin Turanci ɗai-ɗai, kuma ya yi ƙoƙari. Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin maganganun lokaci na Turanci dunƙule suke. Wanda ya farfasa su ya fassara kowace kalma ita kaɗai, ma'anar ta kuɓuce masa.

Mu fara da inda abin ya shafi lafiya. Mutum ya je kyamis, aka ba shi kwali an rubuta "every other day". Ya san "every day" kullum ne, sai ya ɗauka kalmar tsakiyar ado ce, ya dinga sha kullum. Alhali nufin a sha yau, a tsallake gobe, a sha jibi. Ga kuma "twice a day" da "every two days": duka akwai biyu a cikinsu, amma na farko sau biyu ne a yini, na biyun sau ɗaya ne bayan kwana biyu. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem, misali, sau biyu ake shan sa a rana har kwana uku. Shi ma "every eight hours" ya fi "three times a day" tsauri, domin yana nufin a duba agogo, ba wai a bi karin kumallo da abincin rana da tuwon dare kawai ba. Mai sayar da maganin da ya zana layi biyu ko uku da biro a jikin ƙullin takarda ya fi wanda ya miƙo kwali ya yi shiru taimakon jama'a.

Wanda ya fi rikita mutane, har da masu digiri, shi ne dare. Mu a lissafinmu na Musulunci dare ne ke gabatar rana. Daren Juma'a shi ne wanda ke shigowa bayan magaribar Alhamis, kamar yadda daren Salla ke riga safiyar idi. "Friday night" kuwa sai an sauko daga masallaci, rana ta faɗi, wato abin da kakanninmu za su kira daren Asabar. Tazarar kwana guda ce cur. Ɗan'uwa ya turo saƙo daga Legas cewa motar kaya za ta iso "on Friday night", tsoho ya ji an ce masa daren Juma'a, sai ya tura yara bakin titin Katsina zuwa Daura tun daren Alhamis. Shi ya sa 'yan jaridar da suka san aikinsu suke cewa "daren Alhamis wayewar Juma'a", su rufe ƙofar gardama.

Akwai kuma 'yan ƙananan kalmomi masu juya zance. "On time" shi ne daidai lokacin da aka tsayar, "in time" kuwa kafin lokaci ya ƙure. "On Monday" ranar Litinin ɗin ce tak, amma in hukumar JAMB ko wata jami'a ta ce a kammala rajista "by Monday", to Litinin ce iyaka, ba ranar farawa ba. Mai jira sai ranar ya tafi shagon intanet, in sabis ya ɗauke, ya kuka da kansa. "At the moment" yanzu ne, "in a moment" nan da ɗan anjima. "For the time being" na wucin gadi, "once in a while" jefi-jefi, "a week today" kuwa rana ita yau, irin yadda muke sa ranar suna.

Ba mu kaɗai ne doguwar hanyar "the day after tomorrow" wajen kiran jibi ta gundura ba. 'Yan Nijeriya tuni suka ƙera tasu, "next tomorrow", har ƙamusun Oxford ya shigar da ita a watan Janairun 2020, tare da wasu kalmominmu irin su Kannywood. A ganina wannan ba abin kunya ba ne, a tasha da kasuwa ta wadatar. Sai dai mai duba takardar WAEC ko NECO yana iya ja mata layi, Baturen Ingila kuma ba lalle ya gane ba. Ɗalibi ya riƙe biyun, ya san inda kowace take shiga.

Ga malaman Turanci, shawarata ita ce a koyar da waɗannan a dunƙule, kowace da takwararta ta Hausa a gefe, kuma a cikin jimla. A manna kalanda a allo, a sa yatsa a kan yau, a ce wa yaro ya nuna "the day after tomorrow", ya nuna "this time next week", sannan ya nuna daren da Bature ke nufi da "Sunday night". Iyaye kuma in takardar asibiti ko ta makaranta ta zo, kada a tsaya kan fassarar ɗan aji uku. A koma wurin wanda ya rubuta, a sa shi ya faɗi sunan ranar da kwanan wata da ƙarfe nawa.