Maganaɗisun da ke Ba Jita Murya

Duk wanda ya taɓa jin kiɗan Bombino na Agadez ko Mdou Moctar ya san yadda jitar lantarki ke ratsa jiki. Yau za mu leƙa ƙarƙashin tsirkiyoyinta, inda wasu 'yan ƙusoshi shida ke jere. Su ne ke jin motsin tsirkiya.

Ana naɗe su da siririyar wayar jan ƙarfe, zagaye kusan 8,000 a jitar Stratocaster. Maganaɗisu na shafar tsirkiyar ƙarfe, idan ta girgiza sai lantarki kaɗan ya taso a wayar, ya wuce zuwa lasifika. Shi ya sa tsirkiyar leda ba ta aiki a nan.

To, da me ake yin ƙusoshin? Kamfanin Fender, da ya fitar da Stratocaster a 1954, ya mai da kowace ƙusa maganaɗisu mai zaman kanta, daga gaurayen da ake kira alniko: alminiyam, nikel, kobalt da baƙin ƙarfe. Tushensa na komawa ga binciken Tokushichi Mishima na Japan a 1931. Alniko mai lamba 2 jansa sassauƙa ne, sautinsa na da taushi. Mai lamba 5 ya fi ƙarfi, sautinsa na fita tangararau, da kaifi.

Kamfanin Gibson kuwa wata hanya ya bi a na'urarsa ta ɗaukar sautin tsirkiya, P-90 ta 1946. Ƙusoshinsa na ƙarfe ne zalla masu zare, maganaɗisun na kwance a ƙasa. Makaɗi na iya juya kowace ƙusa sama ko ƙasa, sautin kuma ya fi kauri.

Akwai kuma maganaɗisu na seramik, mai araha, wanda ba ya saurin rasa ƙarfinsa. Shi aka sa a na'urar Super Distortion ta kamfanin DiMarzio a 1972, kuma masu kiɗan rugugi na ƙaunarsa.

Daga baya aka samu maganaɗisun niyodimiyam a shekarun 1980, wanda ya fi su duka ƙarfi. Kada ku ɗauka shi ke nan an gama magana. Kowane allazi da nasa amanu. Jan da ya yi yawa na riƙe tsirkiya, sauti ya mutu da wuri, wani lokaci ma ya karkace daga daidai. Hakan na faruwa ko da alniko ne, idan an matso da shi kusa da tsirkiya ainun.

Don haka makaɗa, kafin ku kashe kuɗi wajen sauya maganaɗisu, ku fara sauke shi kaɗan daga tsirkiya, ku saurara. Kunnenku ne alƙali.