Matan Sikh A Tarihi: Tsakanin Zane Da Tsofaffin Littattafai

A kalandu da littattafan makaranta na mabiya addinin Sikh, waɗanda cibiyarsu take lardin Punjab da aka raba tsakanin Indiya da Pakistan a 1947, akan ga hoton wata mace bisa doki da takobi a hannu. Sunanta Mai Bhago, wadda labari ya ce ta komo da mayaƙa 40 da suka janye daga bayan shugabansu, Guru Gobind Singh, suka gwabza da rundunar daular Mughal a Muktsar cikin 1705. Sai dai waɗannan hotuna aikin masu zane ne na zamanin baya-bayan nan, waɗanda suka siffanta ta yadda suke zato. Mai neman sanin ainihin matsayin matan nan tilas ya koma ga abin da aka rubuta kafin Turawan Ingila su ƙwace Punjab a 1849.

Shaida mafi ƙarfi tana cikin littafinsu mai tsarki, wanda aka fara harhaɗawa a 1604. A ciki an ambaci Mata Khivi, matar Guru Angad, shugaba na biyu, aka yaba mata saboda kula da langar, watau ɗakin girkin da ake ciyar da kowa kyauta ba tare da duban asali ba. Ita kuwa Mai Bhago, ɗaya daga cikin fitattun littattafan da suka kawo labarinta shi ne Suraj Prakash na Santokh Singh, wanda aka kammala a 1843, shekara 138 bayan yaƙin. Wannan tazara ita ce dalilin da ya sa masana suke auna labarin da hankali.

Ta fuskar zane, akwai wani tsohon littafi na tarihin Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, da aka rubuta a 1733, mai ɗauke da hotuna 57, yana kuma ajiye a Landan. Irin waɗannan littattafai sun fi mai da hankali ga shi Nanak da abokan tafiyarsa maza. Haka nan masu zanen fadar Lahore sun fi zana sarki da hakimai da barade, alhali mata sun riƙe iko sosai. Sada Kaur, surukar Maharaja Ranjit Singh, ta shugabanci rundunar Kanhaiya, kuma da taimakonta ya ci birnin Lahore a 1799.

Maharani Jind Kaur ta riƙe wa ɗanta Duleep Singh sarauta yana yaro, har Turawa suka raba su a 1847 suka tsare ta. Ta tsere zuwa Nepal a 1849. Hotonta da ya fi shahara wani Bature ne, George Richmond, ya zana shi a Landan cikin 1863, shekarar da ta rasu, bayan mulki ya riga ya kuɓuce.

Saboda haka ya kamata ɗalibi ya riƙa tambayar kowane hoto abu uku: wa ya zana shi, yaushe, kuma don wa. Ƙarancin hoton mace a bangon fada shaida ce ta al'adar masu zane da iyayen gidansu, domin rubuce-rubucen zamanin sun nuna cewa da matan aka gudanar da al'amura.