Dalilin da ya sa gubar dalma ba ta barin ƙasar Zamfara da kanta

A shekarar 2010, ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Yara fiye da 400 suka rasu. Duwatsun da ake daka wa da niƙa a cikin gidaje domin fitar da zinare suna ɗauke da dalma, ƙurarsu kuma ta sauka a tsakar gida.

Dalma ba ta ruɓewa, kuma ƙasa tana riƙe ta da ƙarfi. Ƙwayoyin yumɓu da ruɓaɓɓen taki suna ɗauke da cajin lantarki kishiyar na dalma, don haka suke jan ta kamar yadda maganaɗisu ke jan ƙarfe. Tsatsar ƙarfen da ke ba ƙasa launin ja ita ma tana damƙe ta. Saboda haka ruwan sama ba ya wanke ta zuwa can ƙasa. Takan zauna a 'yan santimitocin sama shekara da shekaru.

Wannan riƙo yana rage yawan dalmar da ke kaiwa ruwan rijiya ko saiwar shuka, amma yana ajiye gubar daidai inda yaro ke rarrafe. Riƙon kuma yana sassautawa idan tsami ya ƙaru. Da zarar yaro ya kai hannu mai ƙura baki, ruwan tsamin cikinsa zai narkar da dalmar, ta shiga jini, ta lahanta ƙwaƙwalwa.

Shi ya sa magani kaɗai ba ya wadatarwa, domin yaron da aka yi wa jinya zai koma kan ƙasar da ta sa masa cutar. Sai an kankare saman ƙasa, an binne shi nesa da gari, an zuba sabuwa. A Bagega, wannan aiki bai fara ba sai 2013, bayan matasa sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba da gangamin #SaveBagega har ta saki kuɗi. A 2015 annobar ta sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

A Disambar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai da ta sanya wa Zamfara tun 2019. Muddin aka koma niƙa dutse a cikin gidaje, ƙasar da aka tsabtace za ta sake gurɓata.